Yadda Za Ka Yi Kiwon Ƙwari Ba Tare da Ka Bar Kujerarka Ba

Kai da aka damƙa wa ɗakin kiwon ƙwarin nan masu amfani, 'yan ja-ja masu ɗigon baƙi da ke cinye darɓa mai tsotse ganyen tumatir, matso kusa. Dabarar nan ba ta taɓa ba ma'aikaci kunya ba. A wurin yayana na koye ta, kuma har yau kujerarsa ba ta taɓa hucewa ba.

1. Fara da mace ɗaya, namiji ɗaya

Za a ce ka zaga gonaki da bakin rafi ka kamo iri-iri, wai don jini ya gauraya. Toshe kunnenka. Rana ce za ta gasa ka, ƙaya ta yaga maka wando. Yayana guda biyu ya tsinta a jikin tagar ofis, ya jefa a kwalba, ya koma ya zauna.

2. Bar su su yi zumunci

Wa ya auri ƙanwa, jika ya auri kaka, ina ruwanka? Kafin ka ankara kwalabe sun cika kanta. In manya sun zo duba aiki, yawa za ka nuna musu. Ba mai tambayar ƙwaro asalinsa.

3. Raɗa wa kowane aibu suna mai daɗi

Sun fara ƙanƙancewa? Sabon samfuri ne. Sun kasa tashi sama? Ladabi ne. Yayana ya taɓa ganin ɗaya ya yi kiciɓis da darɓa ya ba ta hanya ta wuce, sai ya shaida wa shugabansa cewa ƙwarin nan akwai haƙuri.

4. Gwada a gonar wanda ba zai kai ƙararka ba

Suruki ya fi dacewa. Na yayana tsoho ne mai gonar tumatir ƙwaya ɗaya, ita ce cinsa, ita ce shansa. Yayana ya kai masa kwalabe, ya ce ya daina feshi, zamani ya zo. Bawan Allah ya rataye injin feshinsa, har yana yi wa maƙwabta alfahari da mijin 'yarsa.

5. In ta ɓaci, riga kowa ɓata rai

Masu jini ɗaya ciwonsu ɗaya. Da zafi ya tsananta, ƙwarin suka mutu rankatakaf, ƙafafu a sama. Da an gauraya iri da wasu sun jure, amma kada wannan magana ta fito daga bakinka. Darɓa ta samu gona babu mai gadi, ganye ya nannaɗe, fure ya zube.

Tsohon ya zo ofis da busasshen reshe a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ɗana, na yi duk yadda ka ce. Ko akwai abin da na manta?"

Yayana ya ɗaure fuska, ya ce ai ƙwarin nan ba kowane hannu suke so ba, wataƙila wajen saki aka yi musu ganganci. Sai tsohon ya ba shi haƙuri, wai ya ɓarnatar masa da ƙwari. Wallahi ni da nake gefe sai da kunya ta kama ni, amma ka ga dabara ta yi aiki.

Gargaɗi

Mai wannan shawara ba ruwansa da tumatir da ya bushe, ko matar da ta daina amsa maka sallama. In wata rana ka hango surukinka a duƙe yana ƙodago a gonar maƙwabci, ɗaga gilashin motarka ka wuce. Ni dai ban aike ka ba.