Ranar da Birgina Ya Kama Ni

Shekarar da Nasara suka sa mu dakon kaya zuwa Yamai, na ga masunta na jefa birgi a kogi, ragar nan mai darma a baki. Sau biyu kawai na kalla, na ce ai na iya. Na ba da ragona guda na karɓo birgi, na taho garinmu Filinge, a ƙasar Kurfai, ina ji da kaina.

Da damina ta cika tabki, na gayyato unguwa duka har surukina, na ce wa maiɗakina ta aza tukunya. Na shiga ruwa har gwiwa, na karkace kamar yadda na gani, na wurga da ƙarfi. Darma ta sarƙe a wuyan rigata, birgin ya buɗe a kaina, ya kwantar da ni cikin laka. Mata huɗu suka jawo ni gaɓa ina tofar da taɓo.

Surukina ya leƙo ya ce, "Kai, Kurfai ba a taɓa kama tarwaɗa babba kamar wagga ba."

Yau ga ni da furfura, amma ko jikokina Baba Tarwaɗa suke ce mini.