Ranar da Na Kai Ɗanladi Ƙara a Kan Kafaɗata

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na kai maƙwabcina ƙara gaban Mai Unguwa ba, a kan ciwon da ni na ɗora wa kaina. An daɗe da yin abin, amma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ba haushin kaina kaɗai nake ji ba.

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa ƙauyenmu ne, nan tsakanin Kura da Bunkure. Sana'ata rubutu. Ina kwafe littattafan addini, ina rubuta wa mutane wasiƙa da ajami, ina kuma da 'yar gonar tumatir a bakin magudanar ruwa. Tun ina yaro zamana iri ɗaya ne: a kan buzu, takarda bisa gwiwa, wuya a duƙe, kafaɗar dama a karkace, daga hantsi har azahar.

Wata rana ana lodin tumatir a mota, na sunkuya in taya masu lodi ɗaga kwando. Kwandon ko motsi bai yi ba. Wani ƙato a cikinsu ya ce, "Malam, kauce kada ka karye mana, mu rasa mai yi mana addu'a." Aka yi dariya, ni ma na taya su (iya leɓe). Amma maganar ta tsaya mini a rai. Ni da kakana ɗan kokawa ne, a ce kwando ya gagare ni a gaban jama'a?

Sai na kwaikwayi abin da na ga samarin gari suna yi. Na samu gwangwanayen fenti biyu, na cika su da siminti, na soka tsohon bututun ƙarfe a tsakaninsu, na ɓoye a rumfar zanar da nake ajiye fartanya a gona. Kullum bayan asuba, idan na gama wuridi, sai in ce wa uwargida zan je duba ruwa. In shiga rumfa, in tuɓe riga, in yi ta cicciɓa sama da kaina. Ba wanda ya koya mini, balle ya gaya mini da kaɗan ake farawa.

Cikin kwanakin nan muka sami saɓani da Ɗanladi, wanda gonar albasarsa ke ƙasa da tawa. Ruwan ban ruwa bi da bi ake sha. Ran nan na wuce lokacina ban buɗe masa ba, ya zo ya tarar albasarsa ta yi yaushi. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, hannun da ya toshe mini ruwa, na bar shi da Allah."

Kwana uku bayan haka kafaɗata ta dama ta fara zugi. Daga nan abin ya gangaro hannu, kamar tururuwa na yawo daga gwiwar hannu zuwa yatsu. In na kama alƙalami, layi biyu sai ya suɓuce. Kabbara ma da ƙyar hannun ke kaiwa kunne. Hankalina ya tashi, don mai rubutu in ya rasa hannun dama me ya rage masa? Na zauna na haɗa maganar Ɗanladi da ciwona, na ga sun dace tsaf. (Ni ne fa mai yi wa mutane wa'azi a kan mummunan zato. Kuma gwangwanayen ban daina ɗagawa ba, wai don jijiyar ta saki.)

Sai na kai ƙararsa. Bayan la'asar aka tara mu a ƙofar gidan Mai Unguwa, wurin cike da dattawa da 'yan kallo. Na rataye hannu da rawani, na ce, "Ranka ya daɗe, jifana aka yi. Da bakinsa ya ambaci hannuna, ga hannun nan ya sage."

Mai Unguwa ya ce, "Ɗanladi, ka ji abin da Malam ya faɗa."

Ɗanladi ya gyara zama, ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe. Amma a tambayi Malam, gwangwanin da wane hannu ya fi cicciɓa shi?"

Na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Mai Unguwa ya ce, "Wane gwangwani?"

"Kwana ashirin ke nan ina jin nishi daga rumfarsa da sassafe. Da farko na ɗauka akuya ce take haihuwa, har na zo in taimaka. Na leƙa ta ɓular zana, sai ga Malam ba riga, ido ya firfito, yana ƙirge da Larabci."

Bai tsaya nan ba. Ya tashi ya je wurin babur ɗinsa, ya kwance wani abu da ke naɗe cikin buhu, ya dire shi a tsakiyar fili. Ashe da aka kira shi sai da ya biya ta rumfata ya ɗauko gwangwanayen. Ya tuɓe hula, ya karkace kafaɗa yadda nake yi, ya kumbura kumatu ya fara, "Wahidun... isnani..." Wani tsoho ya yi dariya har ya ƙware. Mai Unguwa ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa, ya ce, "Malam, ko za ka gwada mana sau ɗaya, mu ga yadda jifan ya shiga?"

Washegari malamin asibiti a Kura ya lalluba wuyana ya ce jijiya ce ta danne: shekara da shekaru ina rubutu a duƙe, sannan na zo na ɗora mata siminti. Ya hana ni ɗaga nauyi, ya ce in nemi ɗan teburi in riƙa zama a miƙe. Cikin ikon Allah hannun ya dawo a hankali.

Na je har gida na nemi gafarar Ɗanladi, don na zalunce shi, kuma ya yafe. Amma na tambaye shi, "Kwana ashirin kana gani, ba za ka ja ni gefe ka ce in bari ba?"

Ya ce, "Haba Malam, wa zai ɓata wa kansa kallo?"

Wannan amsar har yau ban huce da ita ba. Abin da dai na koya shi ne, idan jikinka ya yi ciwo, kafin ka nemi wanda ya jefe ka, ka fara tuna abin da kake yi masa a ɓoye. In kuwa ka ƙi tunawa, akwai maƙwabcin da ya riƙe maka, kuma ba a kunne zai gaya maka ba.