Sule na Amurka

Ba zan taɓa mantawa da bikin jikata Rabi a Buza ba, ko da ina son mantawar.

Maigidana Ilu, Allah ya jiƙan shi, direban kamiyo ne, babbar motar kaya. Shekarar da aka kawo ni gidanshi ya dawo daga Kwatanu da wani kaset. Ya ce: “Wagga waƙar Sule ce. Ita ta zo ta ɗaya a Amurka duka, ta daɗe ba wadda ta ture ta.” Haka dai kunnena ya ji. Na yi murna ƙwarai, ɗan Hausa ya je ƙasar Nasara ya kada su. Ban gane ko kalma ɗaya ba, amma na ce zaman nesa ne ya ɓata mishi harshe. (Har addu'a nake mishi, Allah ya maido shi ga uwatai.)

Bara Ilu ya rasu, zaren kaset ɗin ma ya tsinke. Kullum ina kuka, ba abin da nake so irin in sake jin waƙar.

Ran bikin na ratsa taro har gun mai sa kiɗa. Ban san makiro, abin ƙara murya, a buɗe yake ba.

“Ɗana, sa min waƙar Sule.”

“Wane Sule, Inna?”

“Kai, kana wanga aiki ba ka san Sule ba? Namu, na Amurka!”

Sai na rera mishi, da ihun tsakiyar waƙar da komai. Aka ji ni har bakin kasuwa.

Kawun ango, wani tsohon malamin lakwal, makarantar boko, ya taso yana riƙe ciki don dariya. “Hajiya, ba Sule ba ne, sol ce! Sunan irin kiɗan ne, na baƙaƙen Amurka. Na san waƙar, mun yi rawarta muna samari. Mai waƙar ma mace ce.”

Mace! Na so ƙasa ta tsage. Surukai na dariya, wata har kallabinta ya faɗi.

Amma kawun ya nemo waƙar cikin wayarshi, aka sa. Na tsaya tsakiyar fili, hawaye na zuba, ƙafa kuwa ta ƙi tsayawa, sai rawa.

Yanzu duk unguwa “Matar Sule” ake ce min. Ku mata, in mijinku ya faɗi magana, ku sa shi ya maimaita tun yana da rai.