Gwadabe Bokan Turai da Gawar Baba Jaji

Allah ya yi wa Limawa gata da ya ba ta Gwadabe. Wasu garuruwan sai sun ɗora mara lafiya kan jaki sun nufi Kano. Mu kuwa Kano ce ta aiko mana da likita sukutum, da farar riga da takalmi mai ƙara.

Ya ce karatun jikin ɗan Adam ya yi a asibitin Turawa. 'Yan baƙin ciki suna cewa igiyar fankar fifita ya riƙa ja a bakin ƙofar likita har tafinsa ya yi kanta. Mu ba ma biye musu. Ai ga shaida rataye a wuyansa: robar nan mai rassa biyu ta sauraren ƙirji, wadda likitan ya yar, Gwadabe ya gada.

"Ku mutanen ƙauye kun ɗauka ciki buhu ne," in ji Bokan Turai a majalisa. "Zuciya famfo ce. Hanta ofis ce. Jini kuwa masinja ne. Duk wanda na ɗora wa wannan roba, sai cikinsa ya ba ni labari."

Ana nan aka ji za a buɗe ɗakin shan magani a Dutse, hakimi na neman wanda zai riƙe shi. Gwadabe ya daina amsa gaisuwar talakawa. Abin da ya rage masa kawai ya nuna aiki a idon jama'a.

Sai rana ta kwaɗe wani tsoho, Baba Jaji, a gona, aka kawo shi zaure ba ya motsi. Bokan Turai ya iso, ga wakilin hakimi a tsaye. Ya maƙale rassan robar a wuyansa kamar yadda ya saba ganin likita yana yawo da ita. Bai san a kunne ake sa su ba, don in za a fara awo rufe ƙofa ake yi, shi yana waje da igiyarsa. Ya ɗora bakin robar a ƙirjin tsoho, ya lumshe ido.

"Shiru nake ji," in ji shi. "Famfo ya tsaya, ofis ya tashi. Sai haƙuri."

Mata suka fashe da kuka. Aka tura masu haƙa kabari, aka yanko likkafani. Ruwan wanka na taɓa shi, Baba Jaji ya yi atishawa, ya tashi zaune yana tambayar wanda ya ɗauke masa fartanya.

Gwadabe bai ko girgiza ba. "Ko a asibiti mukan samu gawa mai taurin kai," in ji shi.

Wakilin hakimi dai ya hau dokinsa bai yi sallama ba, ɗakin magani ya tafi hannun wani. Baba Jaji kuwa duk safiya sai ya tsaya a ƙofar Gwadabe ya ɗaga murya: "Likita, gawarka na gaishe ka!"

Har yau in aka ji ƙarar takalmin Gwadabe, duk mai gyangyaɗi a Limawa zabura yake ya buɗe ido, har matarsa Rakiya.