Ba a Mayar da Tukunyar Aro Wofi

Ba zan taɓa mantawa ba da bazarar da na kusa raba gidajen tarihi biyu da man shanu. Zamanin Turawa ne, na haura arba'in, ina noman albasa a Wurno, da yamma kuma ina zuwa ajin manya koyon karatun boko.

A shekarar ne gidan tarihin lardinmu ya ƙulla zumunci da wani babba da ke can nesa. Su ba mu aron kayansu, mu ba su namu, a zaga da su gari gari mutane su gani. Sharaɗin ɗaya ne: in kayansu suka koma lafiya, baɗi a sake, in wani abu ya same su, zumunci ya ƙare. Malam Haliru, mai kula da namu gidan, ya zo ajinmu neman wanda zai riƙa ɗaure akwatuna yana karanta 'yan takardun da ke jikinsu. Aka nuna ni (ba don na fi kowa ba, sai don ni kaɗai ne ban taɓa fashin aji ba).

Duk kayan baƙi an liƙa masu kalma ɗaya, na haɗa baƙaƙenta da kaina: ARO. Ranar har abinci ya fi mini daɗi. A cikinsu akwai wata tsohuwar tukunya da aka tono a ƙasa, wadda Malam ya ce ta girmi kakannin kakanninmu. Muka nuna ta a Wurno, muka nuna ta a Rabah, mata suna ta cewa su dai ba su ga abin da ta fi tasu ba.

Da za mu wuce Goronyo, inda Baturen wancan gidan zai zo karɓar kayansa, na biya gida. Na gaya wa mai ɗakina cewa tukunyar aro ce, za a mayar. Ta tambaye ni me za a sa a ciki. Nan fa na tuna. A wurinmu ko ƙwarya ka ara wajen maƙwabci, ba ka mayar da ita wofi, balle baƙi da suka aiko daga uwa duniya. Na yi mamakin yadda Malam, da duk iliminsa, ya manta da wannan, na kuma ƙudura zan rufa masa asiri ba tare da na kunyata shi ba. Ta haɗa mini man shanu da daddawa, ni kuma na zaɓo albasa manya.

Da aka gama nuni a Goronyo, na zuba man a tukunyar, na jera daddawa a kai, na kewaye da albasa, na ɗaure akwati. Sai motar Bature ta lalace a hanya. Akwatin nan ya yi kwanaki a ɗaki mai rufin kwano, cikin zafin bazara.

Da Baturen ya iso, ya ce a buɗe komai a gaban Hakimin garin ya duba. Ya tsaya kan akwatina yana bayani, Malam yana fassarawa, wai tun da aka tono tukunyar nan ko ruwa bai taɓa ta ba. Na kwance igiya ina murmushi (ina jiran yabo, Allah shaida). Warin ne ya fara fitowa. Dogarai suka ja baya. Bature ya zura hannu, ya fito da shi yana ɗigar mai har gwiwar hannu.

Malam ya juyo a hankali. "Baba, mi kas sa cikin tukunyag ga?"

"Tukuici na, Malam. Ai aro ta."

Hakimi ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa na duba ƙasa, ko za ta tsage in shige inda aka tono tukunyar.

Malam ya daɗe yana yi wa Bature bayanin al'adarmu, gumi yana zubo masa. Bature ya dubi hannunsa, ya dube ni, sannan ya ce a tambaye ni ko sauran kayan ma na yi masu alheri. Na ce a'a, su ba su da cikin da za a zuba ne kawai.

Zumunci bai mutu ba, amma da ƙyar. Da shekara ta zagayo kaya suka dawo, ban da tukunyar, tare da sabon sharaɗi: a mayar da komai wofi. Ni kuma aka sauya mini aiki, na koma korar awaki daga bakin rumfar nuni. Albasar dai Bature ya tafi da ita, na gani da idona.

Tun daga nan na gane cewa iya karanta kalma daban, sanin abin da mai ita yake nufi daban. Yanzu ko allura na ara, sai na tambaya tukuna: aron namu ne, ko na Turawa?