Ranar da Ramin Gaz Ya Yi Mini Wanka Gaban Masu Kawo Lefe

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo lefen Ramatu ba, kuma ko na so in manta, matan unguwarmu ba za su bar ni ba. Har gobe in na shiga kasuwar Matameye sai wata ta ɗago kai daga rumfar kayan miya ta ce, "Uwar gaz, ya aka ji da ruwan sama?" Ni kuwa sai in ɗauke kai kamar ba da ni take ba.

Ramatu ƙanwar maigidana ce. Shi maigidan, kamar yawancin mazan layinmu, da an ɗaure hatsi an kai rumbu sai ya saɓi jaka ya nufi Kano cin rani, ya bar ni da yara da mahaifiyarsa, wadda duk gidan muke ce wa Inna. Girki nawa ne. Shekara da shekaru ina durƙushe gaban murhu ina hura kara da ɗanyen icce, idona kullum jawur, ga tari da ya ƙi barina. Icce kuma kullum sai ƙara wuya yake. Wallahi na gaji, gajiya irin wadda mutum yake kuka ya ce hayaƙi ne.

Ana nan sai masu wani furoje, wato shirin tallafa wa mutanen karkara, suka zo ƙungiyarmu ta mata da maganar biyogaz. Rami ne ake ginawa da siminti, a rufe samansa ruf kamar an kife tukunya. Yana da baki biyu: ta ɗaya ake zuba kashin shanu da aka dama da ruwa, ta ɗayan kuma abin da ya gama narkewa yake fitowa ya taru a ɗan kwami, shi ne taki. Iskar da ke taruwa a ciki ita ke bin tiyo har madafa, a buɗe robine, wato ɗan kan famfon iskar, a kunna resho. Da na ga wutar nan shuɗiya, ba hayaƙi ba toka, na ce ko ana ha maza ha mata sai an gina mini.

Matsalar ɗaya ce: shanun na Inna ne.

"Kashin shanun nawa?" in ji ta. "Ita gonar kuma ta ci me? Kowace shekara shi ake lodawa a amalanke a kai. Kuma tuwon da aka dafa da tusar saniya, wa zai ci miki?"

Ni suruka ce, ba na musu da Inna ido da ido. Saboda haka na bi ta bayan gida. Na tura Ramatu ta yi mata bayanin cewa takin da ke fitowa shi ma gona za shi. Na dami maigidan a waya har ya fara cewa layi ba kyau (layi lafiyarsa ƙalau, ina jin mai rake yana talla a bayansa). A ƙarshe dai Inna ta gaji ta ce a gina, a gefen tsakar gida kusa da garke. Aka gina, aka ɗura, muka yi ta jira. Da wutar ta zo kuma sai ta zo 'yar firit, ta koko da ruwan shayi. Inna ko kokon ba ta taɓa kurɓa ba.

Sai ga maganar lefen Ramatu. Ɗan wani attajiri ne a Damagaram zai aure ta, kuma dangin ango mata za su zo da akwatuna. Inna ta kira ni ɗakinta, na durƙusa.

"Abin nan naki, in na gaske ne, ki dafa abincin baƙi da shi," in ji ta. "In kuwa ranar aka ɗora ko tukunya ɗaya a kan icce, to, a cike ramin nan, shanuna su koma yi wa gona aiki. Kin ji?"

"Na ji, Inna. Na yarda."

Na fito, na riga na kafe. Daga ranar na rufe robine, na koma icce, don iskar ta taru ta jira baƙi. Na shiga ɗura wa ramin abinci safe da yamma kamar mai kiwon ragon layya. Na shanun Inna bai ishe ni ba, sai da na bi maƙwabta da bokiti a ka ina roƙon kashin shanu. Ni da ake cewa ina da tsantsami! Mata suna leƙowa ta katanga suna dariya, ko a jikina.

Har nan lafiya lau. Inda na kwafsa shi ne wajen gyaran gida. Kun dai san al'adarmu in manyan baƙi za su zo: a share, a yi yaɓe, a gyara daɓe, a ɓoye duk wani tsohon kwano da tsumma, a turare gida har sai ƙamshi ya fita waje. To ni kuma ga kwamin takina a fili, baƙi ƙirin, ƙudaje na shawagi, kuma daidai inda za a shimfiɗa wa baƙi tabarmi ake hango shi. Matan Alhazan Damagaram fa, waɗanda ko gyalensu ya gifta sai ka yini kana jin turare. Na ce wallahi ba za a ce gidan surukan ɗansu warin garke yake ba.

Na kwashe kwamin tas. Na cusa tsohon buhu a bakin da takin ke fitowa, na kwaɓa laka na liƙe, na shafe sumul. Bakin zubawa kuma na samu guntun tsohuwar taɓarya na naɗe da tsumma, na buga shi da dutse har ya zauna daram. Na ja baya na duba aikina, har da jinjina wa kaina.

Ramatu na tsaye tana kallo. "Matar Yaya, ba cewa aka yi kar a toshe masa hanya ba?"

"Na 'yan kwanaki ne. Ke dai je ki ji da lallenki."

(An faɗa mana, ba zan yi wa masu furoje ƙarya ba. Cewa suka yi abu ne mai ciki, yana ci yana fitarwa. Ni dai a lokacin kunyar baƙi ta fi maganarsu ƙarfi a kunnena.)

Ranar ta zo. Mun sa ran baƙi sai bayan azahar, sai ga motoci da hantsi, guɗa na tashi tun daga bakin zaure. Aka shigo da akwatuna, a gaba gwaggon ango, Hajiya Falmata, doguwa, cikin farar lafaya sol, zinariya har wuyan hannu. Ni ma na sha sabuwar atamfata, ɗaurin kallabi ya zauna. Shinkafa a wanke, kaji a yanke, kayan miya a jajjage. Na gaida baƙi na zame na shige madafa ina taƙama, na ɗora babbar tukunya, na buɗe robine, na ƙyasta ashana.

Shiru.

Na sake ƙyastawa. Na kara kunne a resho, ko huci babu. Na rufe na buɗe, na jijjiga tiyo, na yi bismilla, na ƙyasta har kwalin ashana ya kusa ƙarewa. Ina ɗagowa sai ga Inna a bakin ƙofa. Ta dubi tukunya, ta dubi tarin iccen da ke jingine a bango, ta juya. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ashe kuma wata mai dogon baki ta riga ta tsegunta wa baƙi. Sai na ji muryar Hajiya Falmata: "An ce a gidan nan ana girki ba icce, ba kwalbar gaz. Ina mai abin? Ta zo ta nuna mana mana."

Da mai hankali ce da ta ce sai an ci abinci. Ni kuwa sai na ga dama ta samu: in je in duba ramin, su kuma su ɗauka nuni nake yi. Na yi gaba, mata suka biyo ni duu, har da mai guɗa. Na tsaya kan bakin zubawa ina bayani kamar malamar lakwal gaban 'yan aji. A raina ina cewa ƙila abin ya daskare ne, in na zare taɓaryar na ɗan motsa shi da sanda zai sake.

Na kama taɓarya na ja, ta ƙi. Na tattare zane, na dafa ƙafa ɗaya a gefen siminti, na sunkuya sosai. Ina ja ina magana: "Kun ga, Hajiya, abin ba shi da wata ƙazanta ko kaɗ..."

Buuum!

Jama'a, duk abin da na yi kwana da kwanaki ina roƙowa gida gida, ramin ya dawo mini da shi a tashi ɗaya. Ya taso sama kamar an fasa famfo, ya same ni a fuska, ya tuɓe mini kallabi, ya gangara ta wuyan riga har cikin takalmi. Da ɗumi kuma! Bakina kuwa a buɗe yake, tunda bayani nake yi. Na faɗi zaune daɓas, taɓarya a hannu.

Mai guɗa ta kurma ihu ta yi zaure da gudu. Wata na ta salati. Da na share ido da bayan hannu, abin da na fara gani shi ne farar lafayar Hajiya Falmata, daga gwiwa zuwa ƙasa ta koma kamar zabuwa. Daga cikin ɗaki kuma ina jiyo Ramatu, amarya guda da ya kamata a ce tana lulluɓe tana kunya, tana dariya har da shiɗewa.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Wallahi na yi tunanin in miƙe a haka in kama hanyar Dawce, gidan ubana, kar in sake waiwayar Matameye. Ina cikin wannan sai na ji Inna ta ce da wata maƙwabciyarmu, a hankali, "Hura mana icce."

Nan kunyar ta tsaya. Na tuna idona, na tuna tarin nan. Tunda na shigo gidan ban taɓa ɗaga murya gaban Inna ba sai ranar.

"Inna, don Allah ku yi haƙuri, kar a hura. Ku ba ni ɗan lokaci."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, abin yana ɗiga daga haɓata. Ni kuma na ɗauki kallon a matsayin izini.

A haka, ban ko canja zane ba, na ɗauko fartanya na farfasa yaɓen nan nawa mai kyau, na zaro buhun, taki ya kama hanyarsa ya gangara kwami. Na rufe robinen da ke kan ramin, na cire tiyo, sai ga shi cunkushe da kumfa da dusar ciyawa. Ashe da na cika masa ciki na kuma toshe shi gaba da baya, abin ya hau sama ya shaƙe hanyar iskar. Na zura waya na sakace, na ɗura ruwa, na mayar na ɗaure. Baƙi sun koma can nesa ƙarƙashin rumfa, kowa gyale a hanci, amma ba wadda ta ɗauke ido. Na wanke hannu na shiga madafa na ƙyasta ashanar da ta rage.

Fuu! Shuɗiya, tsaye, har da ƙara. Na tsaya ina kallonta hawaye na zuba, kuma wannan karon ba hayaƙin da zan laƙa wa.

Na yi wanka har sabulu ya ƙare kafin in taɓa tukunya. Abinci bai sauka ba sai da azahar ta gota, amma ya sauka, shinkafa da miyar kaji, kuma ko tsinke ɗaya ba a ƙona ba. Hajiya Falmata, cikin aron zanen Inna na zuwa biki, ta daɗe tana juya cokali kafin ta kai baki. Ta ci, ta ƙara. Da za su tafi na durƙusa ina ba ta haƙuri, ta ce, "Hannunki da daɗi, 'yar nan. Amma in za ki zo mana biki Damagaram, ki bar ramin a gida."

Da la'asar gida ya yi tsit. Na tattara atamfata da lafayar mutane a bokiti na tsuguna bakin kwata zan wanke, sai na ga inuwar Inna a kaina. Na sha jinin jikina. An dafa da gaz kam, amma an kuma yi wa gwaggon ango wanka, ban san wanne za ta auna ba.

"Ke, a nan za ki zubar da shi?" in ji ta. "Ɗauki ki je gindin zogalena ki wanke. Wanda ya malale a tsakar gida kuma ki kankare ki tara, na gona ne."

Na yi ƙarfin hali. "To ramin fa, Inna?"

"Wa zai cike? Bayan abin da aka gani yau, wa kike jin zai yarda ya matsa kusa da shi?" Ta juya za ta tafi, ta ɗan tsaya. "In akwai sauran shinkafar nan, a zubo mini."

Ramin yana nan har yau, kuma shi ke mana girki. Abin da na koya bai da yawa. In baƙi za su zo, a share gida, a yi turare, amma duk abin da aka yi wa ƙofar fita a bar masa ƙofarsa. In kuma ya zama dole sai kin zare wani abu gaban surukai, to ki fara rufe bakinki tukuna.