Ranar da Ƙafar Hagu Ta Kusa Hana Ni Aiki

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da mota ta ci mutuncina a unguwar Karewa ba, ni da na yi shekara talatin ina cin mutuncin motoci.

Shekarar da muka gudo daga Mubi zuwa Jimeta ce. Ni da matata da yara huɗu muna cunkushe a ɗaki ɗaya a gidan wanta a Nassarawo. Mutumin kirki ne, sai dai kullum da safe yakan tambaye ni, "Yau ina aka nufa?" Ni kuma na san abin da tambayar ke nufi. Ana haka sai na ji wata ƙungiyar agaji na neman direba. In na samu aikin, mun samu ɗakin kanmu.

Na sha wanka, na sa kaftanin da na tsira da shi. Babbar 'yata, wadda ta fi ni boko (ni a aji huɗu na firamare na yi ritaya), ta ce irin wannan shiri shi Turawa ke ce wa geared. Wai daga gear ne, wadda muka mayar giya, kuma tun kafin a ƙera mota kalmar na nufin kayan aiki, har da wanda ake ɗaura wa doki ya ja kaya. Na ce to, dokin ya shirya.

Mai gwajin wata Madam Ngozi ce, haifaffiyar Jimeta, Hausa a bakinta kamar ruwa. Ta nuna mini wata farar mota ta ce, "Bappa, ka taɓa tuƙa otomatik?"

Ko zama a cikinta ban taɓa yi ba. Amma ga masu neman aikin su uku a benci, duk na haife su, suna kallon furfurata. Na ce, "Madam, wanda ya hau tudu da babbar mota maƙare da wake, wannan ai keke ce."

Muka shiga. Na leƙa ƙasa na ga abin takawa biyu maimakon uku (na ɗauka rowa ce irin ta masu ƙera motar zamani). Da ikon Allah na tayar, muka hau titi lafiya lau. Da mota ta fara gudu, kunnena ya ce lokacin sauya giya ya yi. Ƙafar hagu ba ta nemi shawarata ba, ta tafi neman kuloci da dukkan ƙarfinta. Birki ta samu.

Ɗankwalin Madam ya riga ta isa gilashi. Takardunta suka watse.

"Bappa, lafiya?"

"Akuya, Madam."

Ta duba gaba, ta duba gefe. Ko kaza babu a titin. Ta ɗaura ɗankwalinta.

Da muka juyo, daidai ƙofar ofis, gaban bencin nan, ƙafar ta sake.

"Ita ce dai akuyar, ko ƙanwarta?" in ji Madam.

Nan na sunkuyar da kai na faɗi gaskiya, har da labarin ɗaki ɗaya. Sai ta ce, "Cire takalmin hagu. Lanƙwashe ƙafar can ƙarƙashin kujera. An sallame ta daga aiki."

Haka na zagaya Karewa sau uku, zaune kamar mai tahiya. Da muka tsaya ta ce, "Ka iya hanya, ka iya madubi. Ƙarya ce kawai ba ka iya ba. Ka zo ranar Litinin."

Wata biyu bayan nan muka kama ɗaki biyu a unguwar Bako.

Tun daga ranar na koyi furta "ban sani ba". Tana da nauyi a bakin tsoho, ban musa ba. Amma na gwada duka biyun, kuma ta fi sauƙi a kan ka fito daga mota gaban sa'annin 'ya'yanka da takalmi ɗaya a hannu.